Walimar Auta da Tambayar Ƙwarya

A gidanmu na Katagum ba a wasa da maganar sauka. Mahaifinmu, wanda mu da mutanen gari duk muke ce wa Malam, a zaure ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce tak: ba a yi wa ɗalibi walima sai ya kai aya ta ƙarshe a gabansa, ya ji da kunnensa.

Ina 'yar budurwa ya yi wani abu da aka daɗe ana maimaitawa a garin. Akwai wani malami da ke zaune a bakin kasuwa, sa'ansa ne, tare ma suka yi karatu. Wannan malami ya shirya wa ɗan wani attajiri sauka alhali yaron da sauransa. An yanka sa, an shimfiɗa tabarmi, an gayyaci Malam. Yaro ya rera abin da aka rubuta masa a allo, kowa yana masha Allah. Sai Malam ya buɗe masa wani wuri ya ce ya karanta. Yaro ya yi tsuru-tsuru. Malam ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Yaron nan bai gama ba." Ya sa takalminsa ya tafi, ko naman bai kalla ba. Tun daga ranar shi da malamin bakin kasuwa ba su ƙara zama a tabarma ɗaya ba, sai dai gaisuwar Juma'a, ita ma a tsaitsaye.

Ni ce babba a ɗakinmu. A Azare nake zaune, ina da shagon atamfa da leshi. Ƙanena kuwa, wanda har yau Auta nake ce masa duk da furfurar da ta fara leƙo masa, ni na ƙarasa goyonsa bayan rasuwar Inna. Yaro ne marar hayaniya, in ka aike shi sayo gishiri sai ka same shi a tsugune yana kallon tururuwa. Ya sauke a hannun Malam, ya yi boko, kansa ya ja a lissafi, har aka ba shi gurbin karatu a ƙasar waje don digiri na uku. Shekaru ya yi a can. In na kira na ce me kake karantawa ne haka da ba ya ƙarewa, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, sai na zo." Ni ma ban matsa ba, don ni lissafina bai wuce na yadi ba.

Baffanmu, ƙanin Malam, shi ya matsa. Mutum ne mai son dangi, amma magana ba ta kwana a cikinsa, kuma ba ta fita sai da gishiri. Ya taɓa tsare Auta a waya sai da ya gaya masa cewa wata tambaya yake aiki a kai, wadda har yanzu ba wanda ya amsa ta a duniya. Baffa ya adana wannan. Da labari ya zo cewa an ba Auta shaidar kammalawa, sai ya haɗa biyun ya nufi zaure. Ina gidan ranar, na kai wa Malam magani, don idonsa ya riga ya yi rauni.

Malam bai yi azarɓaɓi ba, wannan zan shaide shi. Ya tambayi Baffa, "An ba shi shaida?"

"An ba shi, Yaya."

"Malamansa sun zauna sun saurare shi?"

"Sun zauna, sun yi masa tambayoyi, sun sa hannu."

Malam ya ce, "To ya gama ke nan. Alhamdu lillahi."

A wurinsa magana ta ƙare. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai malamin da zai sa wa ɗalibi hannu a kan abin da bai kai ƙarshensa ba. Ni ma da nake tsaye da kofin ruwa haka na ɗauka, haka duk wanda ya tashi a gidanmu zai ɗauka. Ranar Juma'a Malam ya faɗa wa mutane da bakinsa a ƙofar masallaci cewa autansa ya amsa tambayar da ta gagari masana, kuma zai yi masa walima. Mutumin da ba ya yabon ɗansa ko da wasa! Gari ya ɗauka. Baffa ya zo Azare ya sa aka buga kalanda mai hoton Auta da hular nan tasu mai kama da faranti, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga wanda ya warware abin da ya gagari duniya. Ya raba a Katagum, ya raba a Azare, har maƙwabciyar shagona, wata Madam 'yar kudu mai sayar da kwanuka, ta rataya tata a kan kantar shagonta tana nuna wa masu ciniki. Kuma saboda tsokana irin ta Baffa, ya aika da guda takanas zuwa zauren malamin bakin kasuwa.

Auta ya sauka a gidana ana gobe walima. Na yi niyyar ya ga kalandar a matsayin ba-zata, don haka ban nuna masa ba. Da safe muka kama hanyar Katagum, yana ta leƙen gonakin dawa yana tambayata wane ya mutu, wane ya yi aure. Muna isa na shige cikin gida wurin mata, shi kuma maza suka rufe shi a ƙofa.

Ina ɗakin ajiya ina sauko da ƙoren Inna don a dama fura sai ga shi ya shigo, kalanda a hannu. Fuskarsa kaɗai na gani gabana ya faɗi.

"Yaya, wa ya rubuta wannan?"

"Baffa mana. Hoton ne bai yi maka ba?"

"Ban warware ta ba."

Na ce, "Ba ka me?"

"Tambayar. Ban amsa ta ba. Ba wanda ya amsa ta."

A waje ana ta kafa rumfa, ana gwada lasifika, ƙamshin naman sa ya cika gida. Na ce masa ya daina yi min irin wannan wasan da safiyar Allah. Ya ce ba wasa yake ba. Na ce to takardar da aka ba shi ta mece ce, ta sayen akuya? Maimakon ya ba ni amsa sai ya karɓi ƙwaryar da ke hannuna, babbar ƙwaryar furar Inna, wadda ta fi kowacce kyan zagaye, ya zaro zare daga bakin buhun shinkafa.

"Yaya, ke mai yadi ce, za ki gane. Ɗauka tururuwa ce a nan bakin ƙwarya, tana so ta je can bakin da ke kallonta. In ta bi baki ta zagaya, ga tsawon tafiyarta." Ya kwantar da zaren a bakin ƙwaryar, ya riƙe inda ya tsaya da farce. "In kuma ta ce za ta yi wayo, ta gangara ciki ta bi ta gindi ta hau, duba." Ya kwantar da wannan zaren ta ciki. Ya kai cif, bai ragu ba, bai yi saura ba. "Kin gani? Ƙwarya ba ta ba ta yanke ba. Duk wuri biyu da kika zaɓa a bakin nan, bin ciki ba zai rage mata tafiya ba."

Na ce, "Auta, mutane suna taruwa."

Bai ko ji ni ba. Ya ɗora faifai a kai. "Yanzu in faifai ne, sai ta miƙe ta kansa, ta yi yanke. In da za ki lulluɓe shi da yadi, rabin abin da cikin ƙwarya zai ci shi zai ci. Ya yi tsimi, amma ya ba da yanke. Bokiti mai zurfi kuma ba ya ba da yanke, amma ya fi ƙwarya cin yadi. To tambayar ita ce: a cikin duk abin da za a iya ɗinkawa a wannan bakin, wanda ba zai ba tururuwa yanke ba, akwai wanda ya fi ƙwarya tsimin yadi? Masana suna zaton babu. Amma zato ne."

"To ai ido ma ya gani ƙwarya ce!"

"Ido ya ga waɗanda muka gwada. Sauran fa? An tabbatar da maganar in abin ba shi da mariƙi. An tabbatar in yana da mariƙi ɗaya irin na buta. Daga biyu zuwa sama, ba wanda ya sani. Tun kafin a haife ni aka yi tambayar, kuma tana da 'yan'uwa da yawa. Duk maganarsu ɗaya ce: in abin da kika sani kawai shi ne nisan da ke tsakanin wurare, Azare zuwa Yana, Yana zuwa Shira, me za ki iya cewa a kan girman ƙasar da faɗinta?"

"Kai me ka yi duk shekarun nan?"

"Akwai wata hanya da ake sa ran za ta kai ga amsa. Na nuna ba ta ɓullewa."

Na ɗauka tashin hankalina ya kai ƙarshe da ya ce bai amsa ba, ashe da sauran wani. Yaron da na goya, mun yi shekaru muna kewarsa, Malam yana tsufa ba ya kusa, duk don ya dawo ya ce mana wata hanya ba ta ɓullewa. Kuma tambayar da ta gagari duniya, da na ɗauka ta taurari ce ko ta maganin wata cuta, ga ta nan a hannuna da ragowar ƙanshin nono a jikinta. Na ji haushi, na ji kunya, na kuma ji tsoro, don na tuna wanda ya faɗi maganar a ƙofar masallaci.

Na riƙe hannunsa na ce, "Don girman Allah ka yi shiru. Wa zai bi ka da zare a Katagum? Ka karɓi addu'a, a ci nama, a watse. Mutuncin tsohon nan ne a hannunka."

Ya ce, "In bai tambaye ni ba, zan bari sai an watse in same shi shi kaɗai. In ya tambaya, Yaya, ba zan yi masa ƙarya ba. Ba shi ya koya min hakan ba."

Na so in isa wurin Malam, amma zaure ya riga ya cika da maza. Na aika aka kira min Baffa bakin ƙofar cikin gida, na gaya masa cikin raɗa. Ya kwashe da dariya ya ce, "Ke ma dai! Ƙanƙan da kai ne irin na masu ilimi. Ko Yaya in aka yabe shi cewa yake bai san komai ba." Ya gyara babbar rigarsa ya koma, ya bar ni a tsaye.

Mu mata daga cikin gida muke jin komai ta lasifikar da aka ɗaura a kan katanga. Ina riƙe da ludayi ina zuba miya a kwanuka, amma kunnena yana can. Liman ya buɗe da addu'a. Sai muryar Malam, a hankali yadda ya saba. Ya gode wa jama'a. Ya ce sun san shi, bai taɓa tara su a kan karatun da ba a gama ba. Ya ce wannan karatu ba irin nasa ba ne, amma al'adar gidan ɗaya ce, ɗalibi yana karanta ƙarshen karatunsa a gaban mutane kafin a shafa. Ya ce, "Tashi ka faɗa wa jama'a tambayar, ka faɗi amsarta, mu yi fatiha."

Na ajiye ludayin.

Auta ya faɗi tambayar a taƙaice, da ƙwaryarsa da faifansa da tururuwarsa. Na ji maza suna 'yar dariyar jin daɗi, matan kusa da ni ma suna murmushi, wata gwaggonmu tana cewa ashe abin har da kayanmu a ciki.

Malam ya ce, "Madalla. Amsar fa?"

"Allah ya gafarta Malam, ba a san amsar ba."

"Kafin kai ba a sani ba. Yanzu fa?"

"Har yanzu ba a sani ba."

Lasifikar tana 'yar ƙara ita kaɗai. Gwaggo ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Ba ka gama ba ke nan?"

"Na gama abin da malamaina suka ɗora min. Tambayar tana nan."

Liman, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙarin rufa asiri. Ya karɓi magana ya ce ai magabata sun ce faɗin ban sani ba shi ma ilimi ne, yaron ya nuna tarbiyyar gidan da ya fito. Na ji mutane suna haka ne, haka ne, kowa ya samu mafita. Na ce a raina Alhamdu lillahi, Malam ya kama wannan igiyar kawai a wuce wurin. Ashe ban gama sanin ubana ba.

Ya ce, "Gaskiyar Liman. Shi ya faɗi ban sani ba. Ni ne ban faɗa ba. Jama'a, yaron nan bai gama ba. Ku ci abinci, sadaka ce, amma ba ta sauka ba ce."

Innalillahi. Kalmomin nan guda, waɗanda ya faɗa a kan ɗan wani tun ina budurwa, su ya ɗora a kan ɗan cikinsa, da lasifika, rabin gari yana ji. Na zauna a kan turmi. Ba wanda ya yi guɗa. Mata suka shiga raba abinci ba mai kallon wata, kamar gidan makoki. Har yau in na tuna ina jin zafin su biyun, kuma har yau ban daina ganin cewa da ɗayansu ya ɗan lanƙwasa, da ba a mutu ba.

Na zaci Malam zai yi faɗa da aka watse. Bai yi ba. Bayan la'asar ya sa aka kira Auta, ya ce ya zo da ƙwaryar da zaren. Ina bakin ƙofa. Da yake ba ya gani sosai, da yatsu ya bi zaren, ta baki, sannan ta gindi, ya sake bi. Ya sa aka maimaita masa maganar mariƙi. Sannan ya ce, "Malamanka sun san amsar?"

"Ba su sani ba."

"To a kan me suka sa maka hannu?"

"A kan na gano wani abu na gaskiya da ba a sani ba a da, ko da ƙarami ne."

Malam ya daɗe yana juya ƙwaryar. Ya ce, "Ikon Allah. Malami bai sani ba, ɗalibi bai sani ba, kuma suna zaune suna karatu." Ban taɓa jin mamaki irin wannan a muryarsa ba. Shi duk rayuwarsa abin da ya karɓa daga malami shi ya miƙa wa ɗalibi, ba ragi ba ƙari. Bai ce abin ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya dai ce a bar masa ƙwaryar a nan.

Washegari da hantsi na same shi ya yi shiri, da rawani da sanda. Na ce ina zuwa? Ya ce zai bi mutanen da ya gaya wa maganar ya janye ta, kuma ya karɓo kalandun. Na ce, "Malam, ai kowa ya ji jiya." Ya ce wanda ya zo ne ya ji, kuma takardar tana rataye a ɗakunan mutane tana ci gaba da faɗar abin da ba haka ba. Baffa ya ce shi kam zazzaɓi yake ji. Auta ya ce zai raka shi, Malam ya ce, "Ba bakinka ne ya faɗa ba." Ni dai da nake ta cewa a yi shiru, ni na yafa mayafi na riƙe masa hannu.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yini ba. Gida gida, shago shago, har rumfar masu busasshen kifi ta hanyar kogi. Ko'ina magana ɗaya: "Na gaya maka yarona ya amsa tambayar nan. Ba haka ba ne, ban bincika ba." Yawanci sai su rikice, su ce haba Malam, ba komai, su ciro kalandar suna ba shi haƙuri kamar su suka yi laifin. Wasu kuma na ga murmushin da suke dannewa, kuma na riƙe fuskokinsu har yau. Kalandun Azare kuwa ya ce ni zan karɓo, in kuma faɗi abin da ya faɗa, kar in rage.

Da rana ta karkata na juya da shi hanyar gida. Ya tsaya ya ce, "Saura bakin kasuwa."

Na ce, "Malam, shi ai ba ka gaya masa komai ba. Baffa ne ya aika masa."

"Da sunan gidana aka aika."

Na roƙe shi. Na ce mutumin nan shekara da shekaru yake jiran rana irin wannan. Ya ce to ga ta ta zo, bai kamata a sa shi ya ƙara jira ba.

Mun same shi a zaurensa, ya tsufa shi ma, ya rame, yana jan carbi. Kalandar tana nan a jingine a bango, ba a rataye ta ba, ba a kuma yar ba. Na gaishe shi na koma bakin ƙofa na tsuguna. Malam ya ƙi zama sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce, "Abin da aka rubuta a takardar nan ba haka yake ba. Yaron bai gama ba. Ni na faɗa, ban bincika ba."

Malamin ya dube shi ya ce, "Saura izu nawa?"

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Malam kuwa ko gezau. Ya ce, "Shi ma bai sani ba. Malamansa ma ba su sani ba."

"Subhanallahi. Wane irin karatu ne wannan?"

"Abin da na ce ke nan."

Sai malamin ya matsa gefe, ya buga tabarmar da tafin hannu. Malam ya cire takalmi ya zauna. Ina kallo da idona, su biyun a tabarma ɗaya. Malamin ya ce a gaya masa tambayar. Ya sa aka miƙo ƙwarya daga cikin gida, Malam ya warware bakin rawaninsa ya yi awo da shi, ya faɗi maganar tururuwa da faifai da mariƙi, bai tsallake komai ba. Malamin ya yi musu, ya ce ai a bayyane take ƙwarya ce. Malam ya ce, "Ka ga waɗanda ka gani. Sauran fa?" Suka yi ta yi har aka kira sallah. Ba wanda ya ambaci ɗan attajiri.

Da za mu tafi malamin ya miƙa min kalandar, ya ce wa Malam, "In ya gama ka zo ka gaya min. Kai da kanka, ba Baffan yara ba."

Malam ya ce, "In sha Allahu zan zo."

Auta ya koma bakin aikinsa. Kalandun suna shagona, na yanke rubutun ƙasan ina naɗe wa mutane atamfa da sauran. Madam ce kaɗai ta hana ni tata, ta ce ita hoton take so, sai dai ta yarda na liƙe rubutun da takarda. Ƙwaryar Inna kuwa ba ta ƙara ganin fura ba, tana gefen buzun Malam da zarenta a ciki. Duk lokacin da Auta ya kira, bayan gaisuwa tambayar Malam ɗaya ce: "An samu?" Auta ya ce, "Tukuna." Malam ya ce, "To, a ci gaba." Ko sau ɗaya bai ƙara kiran abin da sunan sauka ba, kuma ko sau ɗaya bai ce masa ya bari ya dawo gida ba.

A ciwonsa na ƙarshe na dawo da shi Azare kusa da asibiti. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Akwai alkawari a kaina. In yaron nan ya samu bayan ba ni, ko wani ya samu, ki je bakin kasuwa ki faɗa da bakinki. Ki ce na so in zo da kaina." Na ce ya daina irin wannan maganar, shi zai je. Ya ce, "Ki dai amsa min." Na amsa.

Da Allah ya yi masa rasuwa, malamin bakin kasuwa shi ya yi masa sallah, da kansa ya nema. Bai cika shekara biyu ba shi ma ya bi shi. Na je ta'aziyya na zauna cikin matansa, na rasa wanda zan gaya wa cewa akwai saƙonsu a wurina.

Yanzu ni ce nake tambayar. Duk Juma'a in Auta ya kira, mu gama hirar yara da tsadar kaya, sai in ce masa, "An samu?" Ya ce, "Tukuna, Yaya." Na taɓa tambayarsa in har ya tsufa ba a samu ba fa. Ya ce sai wani ya ɗauka daga inda aka tsaya. Na kashe wayar. Da yamma na kira babbar 'yata, na sauko da ƙwaryar, wadda na ɗauko bayan rasuwar Malam, na nuna mata yadda ake kwantar da zaren, na kuma kwatanta mata gidan da ke bakin kasuwa.